Wane irin allon siki ya dace da mai matsakaicin gwaninta?

Alhaji Sani, Zango:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ƙanena yana karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa, kuma abokan karatunsa sun ja shi cikin wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, har ya zamana da sanyi ya shigo ba shi da zance sai na Chamrousse da Les 7 Laux, wuraren siki da ke kusa da garin. Har yanzu hayar kaya yake yi, amma ya rubuto mini cewa yana son ya mallaki nasa allunan, irin waɗanda ake cewa suna shiga ko'ina a dutse, ko gyararriyar hanya ko dusar da ba a taka ba. Da launi ake nuna wuyar hanyoyin siki: ja ya fi shuɗi wuya, baƙi kuma ya fi duka. A faɗarsa yana sauko shuɗayen hanyoyi hankali kwance, jajaye kuma yana yin su da taka-tsantsan, baƙaƙe kuwa bai kai gare su ba tukuna. Tsawonsa santimita 176, nauyinsa kilo 68. Wani mai kanti ya nuna masa alluna masu faɗin milimita 100 da ƙarfe a cikinsu a kan yuro 650, abin da ya haura jika 425 na sefa. Tunda ni zan tura kuɗin daga nan Damagaram, ina roƙon masu sani su bayyana mini ko waɗannan ne suka dace da shi, ko kuwa mai kanti ne ke neman wanda zai sauke wa kaya.

Injiniya Lawali, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi zama a yankin Isère, inda Grenoble take, kafin in dawo gida, kuma shawarata ita ce kada a sayi waɗannan, ko da yake ba a rasa su da kyau ba.

Lambar da ake gani a sunan allo, kamar Rossignol Experience 86, Elan Ripstick 88, Salomon QST 92 ko Nordica Enforcer 100, faɗin ƙugunsa ce a milimita, wato daidai inda takalmi yake zama. Allo mai faɗi yana baza nauyin mutum a kan dusa mai taushi yadda tafin raƙumi yake hana shi nutsewa a rairayi, kuma a nan amfaninsa yake. To amma ƙaninka ba a irin wannan dusa yake wuni ba. Wanda yake kan shuɗaye da jajaye, da safe hanya yake samu wadda injin ya daddaɓe cikin dare, tana da tauri, wani lokaci ma da santsin ƙanƙara, da rana kuma ta koma tsibi-tsibi saboda yawan masu bi. A kan hanya mai tauri ba shafin allo ne ke riƙe mutum ba, kaifin ƙarfen da ke gefensa ne, kuma duk sa'ad da zai juya sai ya karkata allon daga wannan kaifi zuwa wancan. Gwargwadon faɗin ƙugu, gwargwadon jinkirin wannan karkatawa da kuma nauyin da ke hawa kan gwiwa. Don haka ga mai irin matsayinsa, tsakanin milimita 84 da 90 shi ne daidai.

Batun ƙarfe ya ma fi damuna. Faranti ne na wani haɗin alminiyom da ake kira Titanal, ana shimfiɗa shi a cikin allo domin ya hana shi karkarwa idan ana gudu mai tsanani. Sai dai allo ba ya yanka kwana sai ya lanƙwasa, kuma mai kilo 68 da ke tafiya a hankali ba zai iya lanƙwasa mai faranti biyu yadda ya kamata ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: allon ya riƙa gudu da shi, shi kuma ya riƙa zama baya don tsoro, kafin la'asar cinyoyinsa sun ɗauki wuta. Ya nemi mai cikin katako, wanda da'irar juyawarsa take tsakanin mita 14 da 17 daga tsakiya zuwa gefe, kuma ana rubuta wannan adadi a jikin allon.

Akwai gwaji biyu da zai iya yi a cikin kantin. Ya haɗa cikin allunan biyu wuri ɗaya ya duba: ya kamata ya ga ɗan fili a tsakiya, alamar za su kama hanya mai tauri, sa'an nan kawunansu su fara rabuwa tun da ɗan nisa daga ƙarshe, alamar za su hau kan tsibin dusa maimakon su caka ciki. Daga nan ya kafa wutsiyar ɗaya a ƙasa, ya riƙe kan da hannu ɗaya, ya danna tsakiya da tafin ɗayan. Idan sai ya yi nishi kafin ya motsa, ba nasa ba ne.

Malama Hadiza, Birni:

Alhaji, duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ni da za a ji tawa, da takalmi za a fara, domin ta cikinsa ne umarnin ƙafa yake isa ga allo, kuma takalmin haya ƙafafu da yawa sun riga sun buɗa shi. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, kuma a gwada shi da safa ɗaya marar kauri. Idan ya miƙe tsaye yatsunsa su taɓa gaba kaɗan, idan ya lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kuwa kada ta ɗaga ko kaɗan. A lambar da ke nuna taurin takalmi, 90 zuwa 100 ya ishe shi.

Maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo kuma kada ya saita shi da kansa, kada kuma aboki ya saita masa. Ma'aikacin kanti ne ke lissafa shi bisa nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin tafiyar mutum, domin idan ya yi tsauri ba zai saki ƙafa ba lokacin faɗuwa, kuma ƙashin ƙwauri da jijiyoyin gwiwa ne ke biyan bashin. Idan kuɗi sun yi kaɗan, a watannin Oktoba da Nuwamba ƙungiyoyin siki na yankin suna shirya kasuwar kayan hannu, inda zai samu alluna masu kyau da rahusa, muddin ya duba cewa kaifin bai cinye ba, kuma babu inda fatar allon ta fara ɓanɓarewa. Hular kwano kuwa ba abin ciniki ba ce.

Ibrahim, Garin Malam:

Da izinin manya, ina da ɗan saɓani da Baba Injiniya a kan faɗi. Ni a Oukaïmeden na koya, a tsaunukan Atlas kusa da Marakesh, inda ba kullum ake samun hanya a gyare ba, kuma na ga yadda allo mai ɗan faɗi yake kwantar wa mai koyo hankali a kan dusar da aka tattake. Yaron nan gaba yake yi, kuma wanda zai kashe irin wannan kuɗi ba don shekara ɗaya yake saye ba, saboda haka 92 marar nauyi bai yi masa yawa ba. A kan ƙarfe dai ba ni da ja. Kantunan haya da yawa a bakin dutse suna barin mutum ya canza allo a wuni ɗaya, don haka ya gwada 86 da safe, 92 da rana, ya ji abin da ƙafarsa za ta gaya masa. Alhaji kuma ya ja masa kunne cewa sayen allo mai shiga ko'ina ba izinin barin hanya ba ne: ana auna haɗarin zaftarewar dusa daga 1 zuwa 5 kowace rana, kuma ba a fita sai da na'urar nemo wanda dusa ta binne, da shebur, da sandar bincike, da wanda ya san dutsen.

Alhaji Sani, Zango:

Allah ya saka muku da alheri, na tura masa duk bayananku. Ya ce in tambaya masa tsawon da zai ɗauka, domin mai kantin ya ce masa 180.

Injiniya Lawali, Sabon Gari:

180 ya yi masa yawa, Alhaji. Ga mai matsakaicin gwaninta, allo idan aka tsayar da shi a gabansa ya tsaya tsakanin hanci da goshi, wato ga ƙaninka tsakanin santimita 166 da 172. Tunda irin waɗannan allunan kansu a ɗage yake, abin da ke taɓa hanya bai kai tsawon da aka rubuta ba, don haka ya karkata wajen 170. Idan kuma ya bi shawarar Ibrahim ya ɗauki 92, to 172 ya fi, kuma ya tafi da takalminsa ranar da zai karɓi allunan domin a saita maƙalin a kansa.