Dan Allah a bani shawara: bashin karatu ya sa ni gaba, Kawu kuma ya ɗauke min wuta kan maganar harajin masu kuɗi

Maman Ilham, Ohio:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun wlh kaina ne ya ɗau zafi. Ni nas ce a nan Amurka, da bizar caca na shigo, kuma tunda na sauka a gidan Kawuna na zauna, wan mahaifiyata, shi ya ɗauko ni a filin jirgi, matarsa ta koya min tuƙi, har kuɗin jarabawar lasisin aiki shi ya biya, aurena ma a gidansa aka yi komai, duk wanda ya san mu ya san uba ne a wajena. Shi kamfanin manyan motoci gare shi, da mota ɗaya ya fara yana kwana a hanya, yanzu Alhamdulillah direbobi yake ɗauka. Toh na koma na yi digiri na biyu a 2023 na ci bashin karatu, wani ruwansa kashi 7.05 wani 8.05, yanzu abin ya kusa dala dubu 90 kuma ruwan kaɗai ya haura dala 500 duk wata. Na shiga shirin SAVE na gwamnati, na biyan bashi gwargwadon samun mutum, kotu ta dakatar da shi, tun Agustan 2025 ruwa ya ci gaba da hawa. Kawu ya taɓa cewa zai ranta min wani abu in rage, ba ruwa ba takarda. Sai ƙungiyarmu ta ma'aikata suka ce in zo in bada labarina a wani taro da za a yi na neman a ƙara wa masu samun miliyan haraji a rage mana ruwan bashi, na amsa, har na sa a Facebook. Ranar da muka je cin abinci gidansa ya tada maganar gaban yara, wai shi nake so a yanka, wai hassada ce aka sa mata sunan adalci, shi dama Republican yake zaɓa. Na mayar masa da magana, tun ranar baya ɗaga wayata. Yanzu in fasa taron in bashi haƙuri, ko in je? Sannan wani kamfani yana ta turo min saƙo zai sayi bashin a ruwa ƙasa da haka, in karɓa?

Hajiya Maman Twins:
Wa alaikumus salam. Ke yanzu har sai kin tambaya? Mutumin da ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa ki mayar masa da magana gaban yaransa? Ki shirya gobe ki tafi gidan da kanki ba waya ba, ki durƙusa. Taro kuma ba dake aka fara ba.

Injiniya Baban Hanif, Houston:
Ƙanwata bari in faɗa miki gaskiya ko ba za ta miki daɗi ba, Kawunki ya fi ki fahimtar ƙasar nan. Wannan abin da ƙungiyarku take tallatawa tsohon zance ne. A 2014 Sanata Elizabeth Warren ta kawo shi sak, a bari masu tsohon bashi su sauya shi zuwa ruwa mai sauƙi, kashi 3.86 ga bashin digirin farko, a cike giɓin da harajin da ake kira dokar Buffett, wato duk mai samun sama da dala miliyan 1 a shekara kada harajinsa ya gaza kashi 30. A watan Yuni aka kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawa 56 da 38, ana buƙatar 60, ya mutu a nan. Lokacin Obama ne fa ke mulki kuma Democrat ke da rinjaye a majalisar. Toh yanzu da Republican ke riƙe da komai wa zai kawo miki shi? Za ki ɓata da ubanki kan dokar da ba za a yi ba.

Kuma masu ra'ayin riƙau ba mugunta ta sa suke ƙi ba, hujja gare su. Sama da kashi 60 na manyan ƙasar nan ba su da digiri. Mai digiri na biyu irinki a tsawon rayuwa ya fi su samu nesa ba kusa ba, in gwamnati ta samo kuɗi me yasa sai a fara da ke a bar direban Kawunki? Sannan kashi 1 na sama su ke biyan wajen kashi 40 na harajin samu na tarayya, kullum aka tashi sabon shiri sai a ce su, yau bashin karatu gobe inshorar lafiya jibi gidaje, duk akan mutum ɗaya. Mutane irin Kawu kuma ribar kamfaninsu akan takardar harajinsu ta kansu take fitowa, a takarda ka ganshi miloniya, amma kuɗin na sayen mota ne da gyara da albashi. Babbar maganar ma ita ce farashin makaranta. Tun 1987 William Bennett sakataren ilimi na Reagan ya ce duk sanda gwamnati ta sauƙaƙa rance jami'o'i sai su ƙara kuɗi. Daga 2006 aka buɗe rancen Grad PLUS na masu digiri na biyu zuwa sama a ce ka ci iya abinda makaranta ta yanka, ba iyaka, waye zai rage farashi a haka? Shi yasa dokar Yulin 2025 ta rufe shi ga sabbin ɗalibai daga Yulin 2026. Rage ruwa shafa mai ne a kan ƙurji, ciwon yana ciki.

Maman Ilham, Ohio:
Injiniya na gode amma ni ban ce a taɓa Kawu ba, ban ma san ko samunsa ya kai miliyan ba. Kuma maganar na fi direba samu, ka zo ka ga abinda ke rage min bayan haya da kuɗin renon yara da abinda nake turawa gida. Lokacin korona mu muka tsaya a asibiti ana ce mana jarumai. Ni ban nemi a yafe min ko sisi ba, ruwan kawai nace.

Abu Sadiq:
Injiniya ka kawo rabi ka ɓoye rabi. Ai shi attajiri Warren Buffett da kansa ya rubuta a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya, ƙasa da duk ma'aikatan ofishinsa, saboda ribar hannun jari ba a cajinta kamar albashi. Irin waɗannan ake nufi, ba mai tirela ba. Kashi 40 ɗin da ka kawo kuma harajin samu ne kaɗai, ka bar wanda ake cirewa a albashin talaka na fansho da lafiya da harajin saye da sayarwa. Kuma a ƙuri'ar 2014 ai sanatocin Republican uku sun goyi baya, Collins da Murkowski da Corker, su ma hassada ce?

Injiniya Baban Hanif, Houston:
Uku cikin nawa Malam? Kuma ruwan da take kuka da shi ba Republican kaɗai suka yanka ba, dokar 2013 ce da jam'iyyun biyu suka yi Obama ya sa hannu, aka ɗaure shi da ruwan takardun bashin gwamnati na shekara 10, a ƙara 2.05 ga digirin farko, 3.6 ga na biyu, 4.6 ga PLUS. Ita ta ci nata a shekarar da ruwa ya tashi, wanda ya ci a 2020 ya samu da arha. Ni na biya nawa tas, shekaru ina tuƙa tsohuwar mota matata tana min gori, ban je Umara ba ban gina gida ba, wa zai dawo min da nawa?

Ummu Khadija:
Ni abinda ya bani mamaki duk kuna ta lissafin kashi kaza kashi kaza babu wanda ya ce riba ce. Ko kashi 1 aka mayar da shi sunansa riba. 'Yar uwa Allah ya kawo miki mafita ta hannun Kawunki, rance ba ruwa, ki karɓa ki fita daga wannan masifa ki yi istigfari. Amma kar ki kuskura ki je wajen kamfanin nan, sabuwar yarjejeniyar riba ce za ki ƙulla da hannunki.

Maman Ilham, Ohio:
Anti na tambayi malami kafin in ci, ya ce min lalura ce. Kuma ai abinda nake nema kenan a rage ribar, toh wanne ya fi kusa da addini, ni ko masu cewa a barta yadda take? Kuɗin Kawu ma ba duka zai rufe ba.

Ɗan Zongo, Bronx:
Nawa ya ce zai baki? Kin ce wani abu baki faɗi nawa ba. Kuma maigidanki me ya ce? Ni dai kamfanin da ke karɓar biyan nawa bashin sun gama da ni, na cika takarda na tura suka ce basu gani ba, na sake turawa suka sa ni a jira ruwa yana ta taruwa, in ka kira sai ka wuni a waya kowa da abinda zai gaya maka. Ban ma gama makarantar ba, mahaifina ya rasu na koma Kumasi na dawo ban iya ci gaba ba, ga bashi ba takarda. Irinmu Injiniya baya lissafawa in yana cewa masu bashi sun fi kowa samu.

Malam Na Kano:
Ikon Allah, ƙasa mai arziki haka tana cin ruwa a kan ɗalibanta. Mu nan Najeriya rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ba ruwa ko kobo, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 a albashi. Matsalarmu dai aikin ne babu, kuma kuɗin makaranta ya ninka tun kafin rancen ya zo, ƙanena biyu ni ke ɗauke da su da albashin koyarwa.

Injiniya Baban Hanif, Houston:
Ka ji ko, rance da tsadar makaranta tare suke tafiya ko a ina ne.

Anti Likita, Maryland:
Maman Ilham ki bar su da siyasarsu ki amsa min abu biyu. Bashin duka na gwamnatin tarayya ne? Ruwan da kika faɗa ya nuna haka amma ki duba. Asibitin da kike aiki na gwamnati ne ko na ƙungiyar da ba ta neman riba? In haka ne akwai PSLF, shirin yafe bashi ga masu aikin hidimar jama'a, tun 2007 zamanin Bush aka yi dokar, ki yi biya 120 a shirin da ake lissafawa da samunki kina aiki cikakken lokaci a irin wannan wajen, sauran a yafe har da ruwan. Ranar da kika sayar wa kamfani bashin kin fita daga wannan har abada, babu komawa, kin kuma rasa damar rage biya in aiki ya tsaya. Kuma in PSLF za ki bi, zuba kuɗin Kawu a ciki asara ce, kin biya abinda za a yafe. Ki fita daga SAVE ki koma shirin da watanninsa ke ƙirguwa, ki sa a riƙa cira kai tsaye daga banki ana rage miki ruwa kaɗan, sannan za ki iya cire har dala 2,500 na ruwan da kika biya daga samun da ake caja wa haraji in samunku bai wuce iyaka ba.

Ummu Khadija:
Wato ta zauna shekara goma cikin riba da gangan alhali ga hanyar fita? Haba Anti.

Maman Ilham, Ohio:
Anti Likita ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikata nake aiki, su ke turani asibitoci, sun fi biya kuma ina zaɓen lokacina saboda yara, bazan iya barinsu yanzu ba. Kuma ni ban yarda da yafiyar nan ba, ai Biden ma ya yi alkawari Kotun Ƙoli ta soke a 2023, SAVE ma ga yadda ta ƙare. Shi yasa nake ganin taron nan yana da amfani, in kowa ya yi shiru waye zai yi magana?

Anti Likita, Maryland:
Wancan umarnin shugaban ƙasa ne, wannan dokar majalisa ce, ba ɗaya bane. Amma in kamfani mai neman riba ke biyanki toh watanninki basa ƙirguwa, sai kin zaɓa.

Hajiya Maman Twins:
Har yanzu ban ji kin ce za ki je gidan Kawun ba.

Injiniya Baban Hanif, Houston:
Ba za ta je ba Hajiya, ta riga ta yanke, so take mu sa mata hannu. Ƙanwata ki je taron ki yi jawabi a tafa miki, wata mai zuwa dala 500 ɗin na nan.

Abu Sadiq:
Za ta iya yin duka biyun ai, ta bashi haƙuri kan ɗaga murya, ra'ayinta kuma nata ne.

Maman Ilham, Ohio:
Ni ban ɗaga murya ba, shi ya fara kirana mai hassada gaban yarana. Taron ranar Asabar ne kuma an riga an buga sunana a takarda. Matarsa ta kira ɗazu ina wajen aiki ban samu ɗauka ba. Ɗan Zongo maganar maigida a barta dan Allah. Akwai wanda ya taɓa sayar wa kamfani bashinsa a nan ya gaya min nawa suka bashi?