Muhawara: daga ina sunan gidan "Death" ya fito?

Bakano: Jama'a, a Ingila akwai dangin da sunansu Death, wato Mutuwa. Wasu kan rubuta De'Ath. Ni dai na tsaya a kan cewa sunan gari ne: Ath, a yankin Hainaut na Beljiyam. "De Ath", mutumin Ath. Magana ta ƙare.

Bazazzagiya: Haba Malam, wannan ai bayanin masu wanke suna ne. Wa zai so a ƙwala masa kira da Mutuwa a layin asibiti? Sai aka tsaga sunan, aka ɗora 'yar alama, ya koma kamar na manyan Faransa.

Bakano: Hajiya, hujja muke so, ba zato ba. Tun 1331 Sarki Edward na Uku na Ingila ya fara gayyato masaƙa daga Flanders, maƙwabciyar Hainaut. Matarsa Philippa ma 'yar Hainaut ce. Kuma sunan ya fi yawa a gabashin Ingila, wajen Suffolk da Essex, ɓangaren da ke fuskantar can.

Malamin Tarihi: Ku yi haƙuri in sa baki. Turawa na da sunayen gida irin King, Bishop da Pope. To, duk mai sunan Pope jikan Paparoma ne? Laƙabi ne ya bi mutum, ko don halinsa, ko don rawar da ya taka a wasan gari, kamar yadda yaro kan yi tashe sau ɗaya sunan ya manne masa har tsufa. A wani wasan addini na gabashin Ingilar nan, Mutuwa kan fito a siffar mutum, ta iske Sarki Hirudus na zamanin haihuwar Annabi Isa yana tsakiyar liyafa da sojojinsa, ta ɗauke shi.

Bakano: Allah ya gafarta Malam, rubutun wasan nan na ƙarni na 15 ne. Kafin 1400 yawancin sunayen gida sun riga sun zauna. Ɗa ya riga uba ke nan?

Malamin Tarihi: Ranar rubutu ba ita ce ranar fara wasa ba. Amma ka taɓo wuri, ban musa ba.

Bazazzagiya: Ni alamar nan ce ta tsaya mini a rai. Rajistar sunaye a cocin Ingila ta fara ne a 1538, kuma magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Malam Bakano, kawo mana takarda ɗaya ta kafin lokacin mai ɗauke da "de Ath", daga nan mu ci gaba.

Bakano: Ke ma kawo sunan wanda ya yi wasan.