Ƙudan da ke cizon bijimaina, tsando ne ko wani daban?

Mai Turke: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Bijimai biyu na turke a Kaciya da kuɗin gadon mahaifinmu. Ƙannena mata uku ne suka yarda in juya musu rabonsu, yayanmu kuwa tun farko bai so ba, har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Sati biyu ke nan wani ƙuda yana damunsu, sai buga ƙafa suke yi, ɗaya ya rage cin abinci. Kamar ƙudan gida yake, amma bakinsa da tsini. Maƙwabcina ya ce tsando ne, sammore, cutar da yake sa wa shanu, ta shiga. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Alhaji Sarkin Kara: Tsando ne, babu tantama. Shekara 30 ina harkar shanu. Ka nemi Berenil, allurar sammore, yau ɗin nan a yi musu.

Malama Likitar Dabbobi: Alhaji, a yi haƙuri, tsinin baki kaɗai bai isa shaida ba. Ɗan'uwa, dubi fukafukansa idan ya sauka. Tsando yana ɗora ɗaya kan ɗaya kamar rufaffen almakashi, har su wuce bayansa. Ka ɗaga fiffiken ga haske, za ka ga zane kamar kan gatari a tsakiya. Akwai wani ƙudan turke, girmansa ɗaya da na gida, shi ma bakinsa ya miƙe gaba, amma fukafukansa a buɗe suke, kuma ƙafafu yake bi. A ruɓaɓɓiyar ciyawa mai fitsari da kashi yake hayayyafa. Buga ƙafar nan ta fi kama da aikinsa. A ina yake cizonsu? Ka kama ɗaya?

Mai Turke: Ban kama ba. Amma turkena da tsafta, Malama, duk Juma'a nake kwashe taki.

Ɗan Fulanin Lere: Ko bobuwa ce? Ita babba ce, idanu manya-manya, inda ta ciza sai jini ya zubo. Ni bara maganin jabu aka sayar min a kasuwa, saniyata mai ciki ta tafi. Har yau mai shagon yana nan yana ciniki.

Alhaji Sarkin Kara: Ya ce kamar ƙudan gida, ina bobuwa a nan? Masu karatu sai sun gama duba fiffike sa ya kwanta. Ka yi allura, yaro.

Malama Likitar Dabbobi: Alhaji, yin allura barkatai ne yake sa maganin ya daina ci. Bobuwa da ƙudan turke ma suna iya ɗaukar cutar a baki daga dabba zuwa dabba, don haka jini ne zai raba gardama. Akwai cibiyar binciken sammore a Kaduna. Kuma sati guda ya yi yawa ga jiƙaƙƙen taki da damina.

Mai Turke: Ni kaɗai nake aikin, ga gona. Kuɗin gwajin jini kuma sai na tambayi ƙannena, yayanmu zai ji. Wurin ma ba ni na zaɓa ba, nan marigayi yake ɗaure nasa.

Ɗan Fulanin Lere: Da rafi kusa?

Mai Turke: Akwai, da duhuwar bishiyoyi, amma ban taɓa kai su ba.

Alhaji Sarkin Kara: To ka ji! Irin wurin da tsando ke zama ke nan. Na faɗa tun ɗazu.

Malama Likitar Dabbobi: Ka dai kama ɗaya ka turo hotonsa.

Mai Turke: Kyamarar wayata ta fashe. Alhaji, nawa ake sayar da allurar?