An rubuta maka tarar hanya bisa kuskure, ka ja har kotu? Ba mu labari

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya wani jami'i ya tare ni cikin gari ya rubuta mini tara, wai asiransina ya mutu. Da sauran watanni a kanshi. Ranar da aka yanke shi ya karanta, ya ɗauka ranar ƙarewa ce. Na nuna mishi, ya ce ya riga ya rubuta, in je ofis, ya riƙe kart giriz. Wanda ya taɓa ja har gaban alƙali ya faɗa mini: in biya in huta, ko in ja?

Direban Dakoro: Wa alaikumus salam. Kada ka fidda ko dala tukuna. Ni lambar mota aka rubuta mini ba daidai ba, biyun ƙarshe sun yi musaya. Na tafi ofishinsu da kart giriz, na nemi babban nasu, na aje takardun biyu gefe da gefe ban ce komi ba. Ya duba, ya kira yaron nashi, aka soke. Ko ƙofar kotu ban gani ba. Naka ma irin shi ne, takarda ce za ta yi magana. Ka yi hotokofin asiransin kafin ka miƙa.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, na yi aiki wajen girafiye, wato magatakardan kotu, shekaru, irin shari'un nan sun wuce ta hannuna. Dokar hanya da ake aiki da ita a Nijar ta 2014 ce, amma abin da zai amfane ka yana cikin tsarin shari'ar laifuka, wanda muka gada daga Faransa. A ƙaramin laifi irin na hanya, abin da jami'i ya rubuta a furose-barbal, wato PV, takardar bayanin laifin, shi ne gaskiya a idon alƙali har sai an kawo hujjar da ta rushe shi. Hujjar kuma iri biyu ce kawai: rubutu ko shaidu. Rantsuwarka ba ta ciki. Na ga dattijo ya ce a kawo mishi Alƙur'ani ya dafa, alƙali ya ce Alhaji zauna, ina takarda?

Na biyu, tarar da ake biya nan take, idan ka biya an ba ka kitansi, magana ta mutu. Ba za ka dawo gobe ka ce a sake dubawa ba. In ka ƙi biya, takardar kan wuce wajen furokira, wato mai gabatar da ƙara, shi zai ga ko a aje ta ko a kira ka gaban alƙali. Da yawa masu kuskure bayyananne nan suke tsayawa, don furokira ba ya son ya shiga zama da takardar da kwanan watanta ya ƙaryata ta.

Uwar Biyu: Baba, da na ji wannan tun da fari! Ni cewa aka yi na ƙetare jar wuta. Wallahi koriya ce lokacin da na shiga, wata babbar mota ce ta kare mishi gani. Na ƙi biya, na ja. Ranar zama muka cika benci tun safe, aka fara da masu manyan laifuka, mu sai bayan azahar. Shari'ar da faransanci, tafinta yana juyawa, kuma na lura dogon bayanina ya maida shi jimla biyu. Jami'in ma bai zo ba, takardarshi kawai aka karanta. Alƙali ya tambaye ni shaida. Wa zan kawo? Mai sayar da kankana da ke bakin mahaɗar ya ga komi, amma da na same shi ya ce Hajiya ki rufa mini asiri, nan nake cin abinci kullum gabansu. Ban ga laifinshi ba. Aka ce in biya tarar, har da kuɗin shari'a a kai.

Direban Dakoro: Hajiya, naki baki da baki ne. Wannan ko lauya ka ɗauka sai Allah.

Ɗan Kabu-kabu: Ku masu mota kuna da sararin ja. Ni babur ɗin na maigida ne, kullum da yamma sai na kai mishi balas, ko na yi aiki ko ban yi ba. An taɓa kai shi furiyar, inda ake aje ababen hawa da aka kama, wai ba ni da parmi, alhali yana aljihuna, hoton ne ya koɗe jami'in ya ce ba ni ba ne. In tsaya jiran ranar zama babur na kwance, kuɗin ajiya na hawa? Na biya na amso abuna. Gaskiya tawa ce, amma ba ta zuba mini mai.

Baba Mai Ritaya: Ba zan ce ka yi kuskure ba. Sai dai duk wanda zai biya ya amshi kitansi mai hatimi. Kuɗin da aka miƙa ba takarda ba tara ba ne, sunanshi daban.

Mai Kanti Sabon Gari: Ni na ci tawa, amma ta sha rana. Takardar ta ce an kama motata kan hanyar Ɗan Isa da kaya fiye da ƙima, a ranar da motar take kwance gareji an sauke injin. Ashe lambar wata motar aka juya ta faɗo kan tawa. Na kai rasit ɗin kayan gyara mai kwanan wata, makanikena kuma ya yarda ya zo ya tsaya, Allah ya saka mishi. An ɗage zaman don a tambayi wanda ya rubuta, da aka dawo alƙali ya sallame ni. Abin da ban sani ba, ba wanda zai maida maka kuɗin zirga-zirga da ranakun da ka rufe kanti. Da na lissafa, sun zarce tarar. Na ja ne don kada lambar motata ta zauna cikin littafinsu da laifin wani.

Uwar Biyu: Baba, wanda ba ya jin faransanci kuma ba shi da kuɗin lauya, wa zai karanta mishi takardar kafin ya sa hannu?

Baba Mai Ritaya: Ɗiyata, akwai hukumar ANAJJ mai taimaka wa mutane kan harkar shari'a, da aka kafa da dokar 2011, tana da ofis a manyan kotunan ƙasa. Shawara kyauta ce ga kowa. Lauya kyauta kuwa sai mai ƙaramin ƙarfi da waɗanda doka ta ware, kamar yara. Ku tafi da takardar da duk abin da ke da kwanan wata a kai, kuma ku sammako, kafin a shiga zama.