Gejin mai na Fijo 504 ya fara yi mani ƙarya, wace fulota zan saya?

Jikan Direba:
Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda na gada wurin Baba, Allah ya jiƙan shi. Inji lafiya lau, gejin mai ne ya ishe ni. Ko na cika tanki allura ba ta wuce rabi. Ranar Lahadi mai ya ƙare mani tsakanin Gwadabawa da Illela, rana tsaka, geji na nuna kwata. Sai da na tura yaro bisa kabu-kabu da galan. Masu kayan gyara sun nuna mani fulota biyu, wato abin da ke auna mai cikin tanki: sabuwa cikin kwali, wai tana shiga kowace mota, da tsohuwa da aka ciro daga 504 fikof. Wace zan ɗauka?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi komi tukuna. Tanki na rufe, cire wayar da ke bisa fulota, ka kunna makulli, ka taɓa ta da ƙarfen mota. In allura ta ruga har ƙarshe, geji da waya ba su da laifi. In ta yi kunnen ƙashi, fulota ba ruwanta. Duba wayar as ma, wadda ke haɗa fulota da ƙarfen mota, tsatsa na cin gindinta. In za ka ciro fulotar, cire kan batir, kuma kada mai taba ya matso.

Malamin Waya:
Ranka ya daɗe, wanda ya ce maka akwai fulotar kowace mota ciniki yake. Cikin fulota akwai siririyar waya a naɗe, hannun ƙarfe na goga ta yayin da mai ke hawa da sauka, geji kuma ƙarfin turjiyar yake karantawa, wato om. Kowane geji da lissafin da aka gina shi a kai. Akwai na kamfanin VDO mai om 10 in tanki ba komi, 180 in ya cika. Akwai irin na Amurka mai 240 in ba komi, 33 in ya cika. Ka ga ɗaya hawa yake, ɗaya sauka. Ka haɗa su ba daidai ba, ka cika tanki allura ta ce mai ya kusa ƙarewa. Sa mitar auna om bisa tsohuwar taka, ɗaga hannun sama ka rubuta, sauke ƙasa ka rubuta, ka tafi kasuwa da takardar da mitar. Ƙirga bakin wayoyinta kuma, don wasu na da na fitilar gargaɗi.

Kawu Na Mabera:
Ɗana, bar ta fikof ɗin nan. Tankinsu ba ɗaya ba ne, tsawon hannun ma haka. Na taɓa sa wa tawa, na shekara ina auna mai da kara. In babu ta salun a nan, aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ka sayo sabuwar robar da ke rufe bakin mazaunin fulota, in ba haka ba zafin Sakkwato zai cika maka mota da warin fetur.

Jikan Direba:
Na gode ƙwarai. Allura ta ruga, sai muka ciro fulotar. Da na girgiza ƙwallon da ke bakin hannunta sai na ji fetur na motsi ciki, ashe ya huje, shi ya sa yake nutsewa. Amma Kawu, in nutsewa yake, mi ya sa ya nuna kwata ranar da tanki ya bushe? Mun sa mita, lamba na tsalle in hannu ya kusa ƙasa.

Malamin Waya:
Siririyar wayar cikin fulota ta cinye a wurin ke nan. Turo mani lambar sama da ta ƙasa.