Manhaja ta ce direbobi 23 sun tsufa a kwamfutata, in sabunta su duka?

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum. Kwamfutata HP EliteBook 840 G5 ce ta hannu, da Windows 11 a kanta. Wata manhajar kyauta ta duba ta, ta ce direbobi 23, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki da Windows, sun tsufa, har da mai shekarar 2006, wai sai na biya za ta sabunta su. Ni dai matsalar da nake gani guda ce: Wi-Fi yana ɗaukewa in na rufe murfin na sake buɗewa. In biya, ko in yi da hannu?

Mai Sukundireba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki biya ko sisi. Wannan 2006 ɗin ba tsufa ba ne. Direbobin da Microsoft ke haɗowa a cikin Windows da gangan ake sa musu 21 ga Yuni 2006. In direbobi biyu suka dace da na'ura ɗaya daidai wa daida, Windows mai sabon kwanan wata yake ɗauka, shi ya sa suka mayar da nasu baya don na kamfanin da ya ƙera na'urar ya riƙa yin nasara. Intel ma wasu fayilolinsa 18 ga Yuli 1968 ke jikinsu, ranar da aka kafa kamfanin ke nan. Irin waɗannan manhajoji kwanan wata suke ƙirgawa su tsorata mutum.

Direba ɗaya ne ke damun ki, shi za ki taɓa. Ki fara da Settings, Windows Update, Advanced options, Optional updates. In akwai na Wi-Fi a nan, shi kaɗai za ki zaɓa. In babu, ki shiga shafin HP, ki sa lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar, ki sauke na wajensu.

Abu Sadik:
Ƙari a kan bayanin Malam: kwamfuta ta hannu ba a rantsuwa a kan abin da ke cikinta, sau da yawa an canza katin Wi-Fi ɗin. Ki danna Windows da X tare, ki buɗe Device Manager, ki faɗaɗa Network adapters, ki danna katin sau biyu, a Details ki zaɓi Hardware Ids. Ki duba abin da ya biyo bayan VEN. 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C kuma Qualcomm Atheros. Ɗora direban Intel a katin Realtek ɓata data ne kawai.

Amma kafin ki sauke komai, a wannan tagar ki leƙa Power Management, ki cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe katin don tattalin batir. Ɗaukewa bayan an rufe murfi yawanci daga nan matsalar take fitowa. Kuma ki sauke sabon direban tukuna kafin ki cire tsohon, in ba haka ba za ki rasa intanet ɗin da za ki sauke shi da ita, sai dai ki jona waya da kebul.

Ajiye kwafin direbobin da ke kan kwamfutar ma minti biyu ne. Ki yi folda a filasha, ki buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ki rubuta pnputil /export-driver * E:\Direbobi, in E ne harafin filashar.

Injiniya Ɗan Fagge:
Ni ban yarda a yi wa manhajojin kuɗin goro ba. Na kamfanonin kansu suna da amfani: HP Support Assistant, Lenovo Vantage, Dell Command Update. Kyauta ne, kuma samfurin kwamfutarki suke dubawa. Mai wasannin bidiyo ko aikin zane shi ma dole ya riƙa bin direban katin hoto na NVIDIA ko AMD a kai a kai. Sauran kuwa, sauti da kibod da USB, in suna aiki a ƙyale su.

Inda za ki yi hattara shi ne sabunta BIOS, wato manhajar allon ciki da ke tayar da kwamfuta, don manhajar HP za ta iya jero miki shi tare da direbobi. Ba a yin sa da mataccen batir ana dogara da wutar NEPA. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, kwamfutar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai an kai ta wajen mai gyaran allon ciki. Batir ya cika, caja a jone. In BitLocker, makullin Windows mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, a kunne yake, ki dakatar da shi tukuna, ko ki rubuta lambobinsa 48 na ceto a takarda, don yana iya tambayar su bayan an gama.

Ummu Hanif:
Na gode, Allah ya saka da alheri. 8086 na gani. To in sabon ya fi tsohon matsala fa?

Mai Sukundireba:
Sai ki koma Device Manager, ki buɗe katin, a Driver ki danna Roll Back Driver. In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows bai ajiye tsohon ba ke nan. Nan filashar Abu Sadik za ta yi rana: Update driver, Browse my computer, ki nuna masa foldar, ki tabbatar Include subfolders na da alama. In ya ce wanda ke kai ya fi, ki cire shi da Uninstall device tare da sa alamar goge direban, sannan ki maimaita.