Injin yankan fallen ƙarfe yana barin kaushi a baki

Tambaya:
Assalamu alaikum masana. Me ke sa gilotin, wato injin yankan fallen ƙarfe, ya riƙa barin kaushi a bakin falle mai kaurin milimita 2? Kuma in an zo lanƙwasawa sai gefen ya tsage.

Amsa ta 1:
Wa'alaikumus salam. Malam, fara duba ratar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa. Ga ƙarfe na gama-gari, ratar ta zama kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin fallen, wato milimita 0.1 zuwa 0.2 a naka. In ta yi yawa, ƙarfen yagewa yake yi maimakon yankuwa. In ta matse, wuƙa ce za ta dakushe da wuri. Kashe injin, ka auna da fila geji (siraran ƙarafan auna rata) a gefe biyu da tsakiya, don sau da yawa tsakiyar ce ke buɗewa. Yawancin wuƙaƙen baki huɗu gare su, in baki ɗaya ya dakushe, juya wuƙar kafin ka kai wasawa.

Amsa ta 2:
Tsagewar daga kaushin take farawa. Ka sa gefen mai kaushi ya koma cikin lanƙwasar, ko ka goge shi tukuna. A injin lanƙwasa kuma, faɗin bakin kwarin ƙasa (ramin da ake danna fallen a ciki) ya kai ninki 8 na kauri, milimita 16 ke nan. Kwari matsattse yana ƙara nauyi kan injin, ya kuma ja bayan ƙarfen fiye da kima.

Amsa ta 3:
Ƙari kaɗan, yallaɓai: ƙarfe yana ɗan komawa baya in an sake shi. In digiri 90 kake so, ka zarce da digiri 1 ko 2, ka gwada a guntu tukuna.